Yadda sauya agogo a wasu ƙasashe ke iya rikita lissafin 'yan kasuwar Ndjamena

Chadi ba ta sauya agogonta. Ƙarfe tara a Grand Marché, babbar kasuwar Ndjamena, ita ce ƙarfe tara a Kano, Yamai da Garwa, rani da damina. Sai dai kuɗin 'yan kasuwar da kayansu suna ratsa kwamfutocin ƙasashen da ke ƙara awa guda a bazara su rage ta daga baya, kuma daga nan matsala ke tasowa.

Waya ko kwamfuta ba ta sanin lokacin wani gari da kanta. Tana duba wani kundi ne da ake kira tz, wanda Arthur David Olson ya fara haɗawa a shekarun 1980, hukumar IANA kuma ta karɓi riƙonsa a 2011. Kundin yana ɗauke da tarihin agogon kowace ƙasa. A shafin Ndjamena ma an rubuta cewa Chadi ta taɓa ƙara awa guda daga 14 ga Oktoban 1979 zuwa 8 ga Maris ɗin 1980.

Duk ranar da wata gwamnati ta sauya doka, sai a fitar da gyara, irin facin da ake yi wa taya, a aika wa na'urori. Sudan ta rage awa guda a ranar 1 ga Nuwamban 2017. Masar ta dawo da agogon bazara a Afrilun 2023, abin da ya sa tazarar Alƙahira da Ndjamena ke zama awa biyu daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, maimakon guda. Maroko kuwa a wancan lokacin agogonta ɗaya ne da na Chadi, amma tana rage awa guda a watan azumi.

Cikas ɗin shi ne facin ba ya isa ko'ina a tare. Rumbunan bayanai irin su Oracle da MySQL, da manhajar Java, suna ajiye nasu kwafin kundin daban da na kwamfutar da suke kai. Idan ma'aikaci ya sabunta ɗaya ya manta da sauran, na'ura guda za ta riƙa ba da lokaci biyu. Kuɗin da aka tura ƙarfe 11:30 na dare zai iya faɗawa lissafin washegari, rasit ya saɓa da littafin shago, a yi ta gardama kan ranar biyan bashi. Alƙawari ko tikitin jirgin da aka rubuta kafin gyaran shi ma yana iya gocewa da awa guda. A daren da ake rage agogo kuwa, awa ɗaya tana maimaituwa sau biyu, sai rumbun ya kasa tantance cinikin da ya riga wani.

An ga haka ƙarara a Lebanon. A ranar 23 ga Maris ɗin 2023, kwanaki kaɗan kafin sauyin, gwamnatin Najib Mikati ta ɗage shi da kusan wata guda. Coci-coci da wasu makarantu suka ƙi bi, ƙasar ta wayi gari da agogo biyu, har gwamnati ta janye a ranar 27 ga watan. Masu kula da kundin sun fitar da gyara uku a wannan watan kaɗai: 2023a, 2023b da 2023c.

Ga masu kula da kwamfutocin bankuna da kamfanonin tura kuɗi, maganin shi ne a ajiye lokacin kowane ciniki da agogon duniya na UTC, a kuma sabunta duk kwafin kundin rana guda. Ɗan kasuwa kuwa ya riƙa sabunta wayarsa, ya adana saƙon shaidar tura kuɗi da lambarsa, kuma in zai tsayar da lokaci da abokin ciniki a Alƙahira ko Kasablanka, ya faɗi agogon garin da yake nufi.