"Write off": kalmomi biyu masu shafe bashi

A Kasuwar Jalingo, mai hatsi kan ba ma'aikaci kwanon masara bashi zuwa ƙarshen wata, ya rubuta a littafi. In an biya kaf, da Turanci "pay off" ke nan. In kuwa ya gaji da jira ya soke sunan, shi ne "write off": rubutu a baki, yafewa a ma'ana.

Haka ƙasashen Paris Club suka yi wa Nijeriya a 2005. Sun yafe dala biliyan 18, gwamnatin Obasanjo ta biya kimanin biliyan 12.

Hadimin da ya rubuta "paid off" a kan bashin da aka yafe ya shaida cewa kuɗi sun shiga asusu, alhali ko kwabo bai shiga ba. Sa hannunsa mai binciken kuɗi zai fara nema.