Atishawa a Gonar Auduga: Laifin Wa?

Manomi, ka lura, da damina ta yi nisa akwai mutanen da in sun shiga gona sai atishawa, hanci na zuba, idanu na ƙaiƙayi. Wani har ƙirji ya riƙe masa da dare. Ba zazzaɓi, ba ciwon jiki, kuma baɗi war haka abin ya komo. Waɗansu su ce mura ce. Waɗansu su ce furen auduga ne.

To, auduga dai ba ta da laifi sosai. Garin furenta manya ne, yana da nauyi da danƙo, iska ba ta iya ɗaukarsa, sai ƙudan zuma. Garin da ke tashi sama na ciyayi ne masu fure marar kyan gani, irin su zaki banza da namijin zaki banza, da ƙyasuwa da gamba da ke bakin gona. Su ba su jiran ƙwaro, iska ce ɗan aikensu, saboda haka suna zubar da gari ba iyaka.

Wani likita a Mancesta ta Ingila, Charles Blackley, shi kansa mai fama da ciwon ne. Ya yagi fatarsa kaɗan, ya shafa garin fure, wurin ya kumbura. A 1873 ya buga littafi ya nuna garin fure ne ke kawo ciwon. Amma mene ne cikin garin? Aka daɗe ba a sani ba.

A Amurka akwai wata ciyawa da ake kira ragwid, tana damun mutane ƙwarai da kaka. A 1964 wani masani a Niyok, T. P. King, da abokan aikinsa suka ware sinadari ɗaya daga garinta. Furotin ne, watau dangin abin nan mai gina jiki da ke cikin wake da nama. Yanzu sunansa Amb a 1, kuma cikin masu ciwon ragwid goma, tara ko fi shi jikinsu ke ƙi. Ba dafi ba ne. Jikin mutum ne ke kuskure, ya ɗauke shi abokin gaba, ya ƙera masa wani makami cikin jini. An gano makamin nan a 1966 da 1967, ana ce masa IgE. Shi ya sa wa da ƙane za su yi noma kunya ɗaya, wan yana hawaye, ƙanen ko a jikinsa.

Ga yadda masana ke aikin. Su tara garin ciyawa, su jiƙa a ruwan gishiri, sa'an nan su rarraba furotin ɗin da ya fito, manya dabam, ƙanana dabam, kamar mai tankaɗe. Kana su kawo jinin masu ciwon su gwada. Wanda makamin jinin ya kama, shi ne ɓarawon. Sai a auna girmansa, a duba ƙirarsa, a raɗa masa suna daga sunan ciyawar. Wani abin mamaki, furotin na wata ciyawa yakan yi kama da na abinci. Mai ciwon ragwid yakan ji ƙaiƙayi a baki in ya sha kankana ko ya ci ayaba.

Amfanin sanin nan shi ne likita ya iya gwaji. A babban asibiti akan ɗiga ruwan garin a hannu, a ɗan soka fata, a jira minti 15. In wurin ya tashi kamar cizon sauro, an san ciyawar da ke damunka.

Kai kuwa, maganinka na farko fartanya ce. Ciyawa ba ta da gari sai ta yi fure. Kada ka yi jinkirin noman firi da maimai, ka kuma sare bakin gona da gefen hanya kafin ciyawa ta fid da kai. Da ma ciyawar tana cinye takin da ka ci bashi ka zuba. In kana cikin masu ciwon, ka rufe hanci da ƙyalle, in ka koma gida ka wanke fuska, ka sāke riga. In numfashi ya fara yi maka wuya, kada ka tsaya jiƙe-jiƙe, tafi asibiti.

Kada kuma ka haɗa wannan da dafin maganin feshi. In bayan feshi ka ji jiri, da amai, da gumi, da yawu na dalala, ba garin fure ba ne. A kai ka asibiti nan da nan, a tafi da kwalbar maganin.

Akwai wata muguwar ciyawa, fartiniyam, asalinta daga nahiyar Amurka. An gan ta a Pune ta Indiya a 1956, ta mamaye ƙasar, ta kuma bazu a Habasha da Kenya da Tanzaniya. Masana sun ware furotin ɗin garinta a 1996, suka sa masa Par h 1. Ban da atishawa da fuka, ganyenta yana sa fata ƙuraje da ƙaiƙayi. Ganyen kamar na karas yake, furen ƙanana ne farare. 'Ya'yanta kan bi hatsi da ƙafar mota su tsallake iyaka. In ka ga mai kama da ita a gona ko a tashar awon auduga, kada ka tuge ta da hannu tsirara. Kira malamin gona ya gani.