Yoyon ƙasan sinki: duba roba kafin ka kira mai gyara

A gidajen haya na zamani, injin wanki kan sha ruwansa ne daga ƙaramin famfon da ke ƙarƙashin sinkin kicin. Wurin a rufe yake, ga duhu, shi ya sa yoyo kan yi makonni ba a ankara ba, sai katako ya kumbura, wari ya tashi, kyankyasai sun samu masauki.

Nakan ba ɗalibaina wannan lissafi: rana ɗaya daƙiƙa 86,400 ce. In ruwa na ɗiga sau ɗaya kowace daƙiƙa, kimanin lita 20 ke zuba a rana, jarka guda ke nan, kuma mita tana ƙirgawa. Ga rigima da maigida ranar tashi, ga haɗarin soket ɗin wuta da ke kusa.

Da farko a zare wayar injin daga wuta, a rufe famfon, a tara roba a ƙasa. A goge komai ya bushe, a buɗe famfon kaɗan, a bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da busasshen tishu. A fara daga sama, don ruwa yana bin jikin tiyo ne ya ɗiga a wani wuri daban.

A abin da na gani a gidana da na maƙwabta, galibi laifin na wata ƴar baƙar roba ce mai siffar zobe da ke cikin notin tiyo, wadda masu shago ke kira washa. Ita ke tare ruwa, ba haƙoran notin ba. In ta tsufa sai ta ƙandare ta tsage. Bakin tiyon injin wanki yawanci kashi 3 cikin 4 na inci ne, amma gara ka tafi shago da tsohuwar a hannu. Sa sabuwa ta zauna daidai, ɗaura notin da hannu, in ya so ka ɗan ƙara da filaya, kar ya wuce rubu'in zagaye. Notin roba ne, matsi da yawa fasa shi yake yi.

Farin tef ɗin nan da ake nannaɗawa ba nan ne wurinsa ba. Aikinsa yana mahaɗar haƙoran bututu inda babu washa.

In tiyon ne ya kumbura ko ya tsage, a sauya shi gaba ɗaya, ɗauri da robar taya ba ya jure ƙarfin ruwa. In kuwa famfon ne ke zuba ko ya ƙi rufuwa, to a rufe ruwa daga mita, a kira mai gyaran famfo, a kuma sanar da maigida.

Mu da ruwa ke ɗaukewa ya dawo cikin dare da ƙarfinsa, mu riƙa rufe wannan famfo bayan kowane wanki, musamman in za a yi tafiya.