Wasan Da Ya Ƙi Ƙarewa: Daga Gurbin Dara Zuwa Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

Duk wanda ya saba kallon 'yan dara a gindin bishiya, a Wudil ko wani gari na ƙasar Hausa, ya san irin tarkon da gwanaye kan ɗana. Gwani zai jera 'ya'yansa ta yadda in ya matsar da ɗa guda gaba ya haɗa uku ya ci, in ya komo da shi baya ya sake haɗa uku ya ci. Mai kallo zai zaci abin ba shi da iyaka. Sai dai lissafi ya nuna yana da ita. Galibi kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12 yake farawa a gurabe 30, kuma wanda 'ya'yansa suka koma 2 ba zai iya haɗa uku ba. Ashe ke nan bayan ci 10 wasa ya ƙare. Ga ƙa'idar: duk zagayen da ke cinye wani abu mai iyaka, tilas ya tsaya.

Matsala tana tasowa ne idan zagayen ya mayar da wasa daidai inda ya taso, ba ragi ba ƙari. Wannan ya fi addabar wasannin karta na zamani, waɗanda kowane kati ke ɗauke da umarninsa a rubuce. Fitacce a cikinsu shi ne Magic: The Gathering, wanda wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya ƙirƙira, aka fitar da shi a 1993. Katunansa sun kai dubbai, saboda haka yakan faru umarnin wani kati ya tayar da na wani, shi kuma ya sake tayar da na farkon.

Masu tsara dokokin wasan sun raba irin wannan zagaye gida biyu. Na farko shi ne na ganin dama, wato wanda ɗan wasa ke da ikon tsayarwa. A nan doka ta ce ya faɗi adadin da yake so, ko sau 50 ko sau miliyan, a ɗauka an yi, sa'an nan ya yi wani abu dabam. Ba a yarda ya ce "har abada" ba, domin har abada ba lamba ba ce. Na biyu shi ne na tilas, wanda babu mai ikon tsayarwa. Hukuncinsa canjaras. Darar ces ma haka take: idan tsarin allo ɗaya ya maimaitu sau 3, ɗan wasa na iya neman a tashi kunnen doki.

To, shin alƙalin wasa zai iya gane kowane zagaye marar iyaka? Amsa ita ce a'a. A 1936 Alan Turing na Ingila ya tabbatar cewa babu wata hanya guda da za ta duba kowane jerin umarni ta faɗi ko zai tsaya ko ba zai tsaya ba. A 2019 kuwa Alex Churchill da Stella Biderman da Austin Herrick suka nuna ana iya jera katunan Magic su yi aiki tamkar na'ura mai ƙwaƙwalwa. Saboda haka hukuncin Turing ya hau kan wasan.

Wannan batu ya wuce wasa. Ɗalibin da zai karanci kimiyyar kwamfuta, misali a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, wadda ta fara aiki a 2001, zai tarar cewa zagaye marar mafita na daga cikin abubuwan da ke sa kwamfuta ta sandare. Maganinsa shi ne darasin 'yan dara: kafin a umarci na'ura ta maimaita aiki, a tabbatar akwai abin da ke raguwa a kowane zagaye.

Malamai na iya gwada wannan a aji. A tona gurabe 30 a ƙasa, a bar wa kowane ɓangare 'ya'ya 3, a tambayi ɗalibai: idan kowa ya ƙi ba da kafa, wace doka za ku kafa don wasan ya ƙare?