Darasin Addini a Makarantun Fatakwal, Anacha da Inugu: An Raba Manhaja, Ina Malamin?

Tun shekarar 2017, lokacin da ce-ce-ku-ce ya kaure a kan haɗa darasin Musulunci da na Kiristanci ƙarƙashin fanni guda da hukumar NERDC mai tsara manhaja ta yi, har ma'aikatar ilimi ta tarayya, wadda Malam Adamu Adamu ke jagoranta a lokacin, ta ba da umarnin a raba su, iyaye da yawa a unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu suka ɗauka magana ta ƙare. Wasu kuma har yau sun tsaya a kan zargin cewa duk malamar da ke koyar da Kiristanci farautar imanin 'ya'yansu take yi. Duka ɓangarorin biyu sun kauce wa inda gizo ke saƙa.

Masana ilimi sun bambanta hanyoyi biyu na gabatar da addini a aji. Akwai hanyar nazari, inda malami ke bayyana abin da mabiya kowane addini suka gaskata ba tare da ya nemi ɗalibi ya yarda ba, kamar yadda aka saba a makarantun gwamnati da dama a Ingila. Akwai kuma hanyar tarbiyya, inda malami ke ɗaukar addini a matsayin gaskiyar da aka ba shi amanar dasawa a zuciyar yaro, kuma a kanta manhajar Najeriya ta ginu. Saboda haka malamar firamare a Anacha da ta buɗe darasinta da addu'a da waƙar yabo, tana cewa "mu" tamkar ajin duka 'yan cocinsu ne, abin da aka horar da ita a kai take yi, kamar dai yadda ustazu a Kano zai fara da basmala da salati ba tare da ya tambayi wanda ke zaune a bencin baya ba. Tarihi ma ya ƙarfafa hakan, domin mishan ne suka kafa yawancin tsofaffin makarantun yankin, gwamnatin Ukpabi Asika ta tsohuwar Jihar Gabas ta Tsakiya ta karɓe na jiharta a 1970, sannan Peter Obi, gwamnan Anambra a lokacin, ya mayar da na jihar fiye da 1,000 ga coci-coci a 2011.

Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi karɓar darasin addinin da ba nasa ba ko wanda iyayensa ba su amince da shi ba. Amma haƙƙin da babu malamin da zai cika shi tamkar rijiya ce ba guga. A makarantar da ba ta da malamin Musulunci, ɗan mai sayar da albasa ko dai ya zauna ya saurara, ko ya fita baranda har a kaɗa ƙararrawa, kuma idan jarrabawar WAEC ta zo, ba abin mamaki ba ne ya rubuta Kiristanci don cike adadin darussa.

Hukumomin ilimi na jihohin da biranen nan uku suke suna da alhakin ɗaukar malaman da manhajar ta tanada, sai dai al'ummar da ke iya tara kuɗin gina masallaci mai hawa biyu ba ta da hujjar naɗe hannu. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwannin shanu irin su Garikin Ugwuoba su ɗauki nauyin matasan da aka haifa a can, masu jin Ibo da Turanci, su yi karatun NCE a fannin Musulunci, sannan su matsa wa gwamnatoci lamba har a ba su aiki.