Doki a Gaba, Kare a Gefe: Kilisa da Farauta a Ƙasar Rawayya

A da, sai an gama kaka dawa take buɗewa. An yanke gero da dawa, an cire gyaɗa, an tsince auduga, shanun Fulani sun bi ta kan karan da ya rage, sannan mai doki a ƙasar Rawayya yake samun filin sakin linzami. Kafin nan ba shi da inda zai bi sai burtali da 'yar hanyar da ta ratsa tsakanin gona da gona, kuma wanda duk ya bari dokinsa ko karensa ya afka cikin waken wani mai yaɗo, ya sayi magana a gaban mai gari. Amma da hunturu ya fara busawa, ƙasa ta bushe ta yi tauri, ciyawa ta kwanta, sai ka ga mahaya biyu ko uku sun fito bayan la'asar ko da sanyin safiya, karnuka na zagaye da su, sun nufi bayan gari.

Rawayya tana cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu ta jihar Zamfara, kuma abin da zan faɗa a kanta haka yake a ƙauyukan da suka kewaye Gusau, da na wajen Tsafe da 'Yandoto, da gindin dutsen Kwatarkwashi. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai jefi-jefin duwatsu, ga fadamun gulbin Sakkwato da rafukan da ke zuba cikinsa, ga sabara da geza da kalgo inda zomo ke kwanciya. Irin ƙasar da doki ke so ke nan, domin ba ta da tsandon da ke kashe dawaki a dazuzzukan kudu.

Kada a ɗauka kowane mafarauci mahayi ne. Farautar Bahaushe ta ƙafa ce, da gora da ƙere da barandami, da igiyar kare a hannu. Doki na masu sarauta ne da 'ya'yansu, da manyan manoma, da fatake masu hali. Abin da mahayi yake yi shi ne kilisa, wato fita da doki don ya motsa jini, kada ya sangarce a turke yana cin harawa da dusa. Kare yana shiga cikin lamarin ne domin gidan da ke da barga da wuya ya rasa kare, kuma karen da ya tashi yana kwana kusa da turke ba ya yarda a ɗaura sirdi a fita a bar shi. To idan an fita, zomo ya tashi, kilisa ta zama farauta ba tare da kowa ya shirya ba. Wani lokacin kuma gayya ake yi sosai, a sa rana, garuruwa su haɗu, masu ƙafa su yi sahu suna kora, mahaya su tsaya a gefe da gefe don tare abin da ya ɓalle.

Ni a bayan kawuna na fara ganin wannan, ina yaro, ina riƙe da ƙugunsa a kan wani akawali mai taurin kai. Kawu yana da karya ja mai siririn ciki da dogayen ƙafafu, da wani kwikwiyo ɗanta da bai cika shekara ba. Abin da na fara lura da shi shi ne karyar ba ta taɓa bin bayan doki daf da daf, ba ta kuma gitta gabansa. Tana gefen hagu, kamar taku biyar, daidai inda doki ke ganinta da wutsiyar ido. Kwikwiyon kuwa bai san wannan ba. Ranar ya yi ta shisshigi yana shinshinar ƙafar baya, kawu na tsawata masa, har akawalin ya gaji ya sakar masa kofato guda. Allah ya sa gefen cinya ya samu. Ya yi ta kuka yana birgima, ni ma na fashe da kuka, na ce a sauke ni in ɗauke shi.

Kawu ya ce, "Zamna nan, ɗana. Wanga karatu ba ni ka koya mai shi ba, doki ka koya mai. In bai sha yau ba, gobe ga kai za ya sha."

Ya sauka da kansa, ya shafa ƙafar ya ga ba karaya, ya ce mu tafi. Kwikwiyon ya biyo mu yana ɗingishi, kuma tun daga ranar ya koma gefen uwarsa.

Wannan horo shi ne gindin al'adar, kuma ba aikin kwana ɗaya ba ne. Ba a kiwon kare ranar farauta. Tun yana ɗan kwikwiyo ake kai shi barga ya saba da warin doki da haniniyarsa, shi ma dokin ya saba da haushi, ya daina zabura. Akan fara fita da shi a ɗaure, wani yaro na riƙe da igiya yana tafiya a ƙasa, domin mai hankali ba ya ɗaura igiyar kare a jikin sirdi: doki na iya razana ya ja shi a ƙasa, ko karen ya nannaɗe ƙafar doki su faɗi gaba ɗaya. Sai ya san fito, ya san sunansa, ya san tsawar da ke nufin "dawo," sannan a sake shi. Sunayen ma abin saurare ne. Wasu na launi ne, kamar Duna, wasu na fata ne, kamar Zaki ko Damisa, wasu kuwa habaici ne maigida yake aika wa maƙwabci, irin su Ƙyale-su, yadda duk lokacin da ya kira karensa saƙo ya isa inda ake so.

Mahayi ma yana da nasa karatun. Kare ba doki ba ne. Idan aka yi ta sukuwa ba dalili, karen zai bi don biyayya har harshensa ya zazzago, lokacin da zomo zai tashi kuwa ba sauran numfashi. Don haka tafiyar kilisa da kare takama ce da 'yar sassarfa, a tsaya a rafi ko bakin rijiya a ba shi ruwa. A bazara ba a fita da shi da rana tsaka, domin ƙasar da kofato bai damu da ita ba tana gasa tafin kare. Ga tsidau da ƙarangiya da ƙayar aduwa. Na sha ganin kawu ya sauka daga doki, babban mutum da rawani, ya durƙusa ya ɗaga ƙafar karya yana cire ƙaya da hantsaki. Amma a cikin gari ba zai yarda ta raɓi tabarmarsa ba.

Wannan wuri ya daɗe yana ba ni tunani. Ba dabbar da Bahaushe ya raina a baki kamar kare. Idan zai zagi mutum ya ce kare, idan zai siffanta ɗan koren wani ya ce karen farautarsa ne. Doki kuwa ya samu jalala da kayan ado, ya samu Shamaki mai kula da bargar sarki, har ya samu mawaƙin fada kamar Ibrahim Narambaɗa ya yi masa waƙa sukutum, ta Dokin Iska Ɗanhilinge. Kare bai samu kowa ba sai mafarauci. A taron 'yan tauri da mafarauta, inda makaɗa irin su Kassu Zurmi suka yi suna da kalangu, a nan ne kawai za ka ji namiji ya tashi yana kirari ya haɗa da karensa. Amma a dawa, idan aka cire son zuciya, karen ne mai ilimin. Mahayi yana ganin nesa saboda tsayin doki, doki yana da gudu, sai dai ba ɗayansu da ya san akwai zomo kwance a gindin sabarar can sai kare ya tsaya cak, ya miƙe wuya, wutsiya ta daina motsi.

Malamanmu ba su bar wannan a duhu ba. Aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, hadisi ya yi rangwamen ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, ko da yake ana wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau bakwai. Wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta kan hukuncin farauta: a saki kare da bisimilla, idan an tarar da naman da rai a yanka shi. Shi ya sa za ka ga mahayi da kare ya cafke zomo ya diro daga kan doki tun bai gama tsayawa ba, wuƙa a hannu, yana gudun kada ya zama mushe. A nan amfanin doki yake fitowa fili. Mai ƙafa yakan iso ya tarar karnuka sun yayyaga abin, mahayi kuwa yana kan wurin.

Gudun kansa ba ya wuce ɗan lokaci kaɗan, amma wanda ya gani ba ya mantawa. Zomo ya tashi kamar an harba shi, kunnuwa a kwance, karnuka biyu a bayansa, ɗaya na bin sawu ɗaya na yanke. Ya yi zilliya ta hagu, na farko ya wuce da gudu yana tirje ƙasa, na biyu ya tare. Mahayi ba ya shiga tsakani, yana kewayawa ne ta gefen da duhuwa take don ya hana zomon shiga sarƙaƙiya, idonsa ɗaya na kan ƙasa saboda ramin gafiya da na kurege, waɗanda ke karya ƙafar doki. Sau da yawa zomon ne ke tsira, a dawo hannu rabbana ana dariya. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Idan an dace kuwa, a farke cikin nan take a jefa wa karnuka kayan ciki, wannan haƙƙinsu ne da ba mai taɓawa, sannan a rataya sauran a bayan sirdi.

A farautar gayya rabon ba ya zuwa da sauƙi haka. Ƙa'idar da aka sani ita ce nama na wanda ya fara jifa ya samu ne, ko wanda karensa ya fara kamawa, amma idan karnukan gari biyu suka haɗu a kan gada ɗaya, kowa cewa yake nasa ne ya riga. Nan ake zare wuƙaƙe, 'yan tauri su shiga, sai manya sun tsawatar. Ban taɓa ganin burgewa a wannan ba, kamar yadda ban ga burgewa a cinna wa dawa wuta don a kori gafiya ba. Wutar nan ta cinye ciyawar da makiyayi zai dogara da ita har damina, ta ƙone 'ya'yan itace, ta kori zabin daji da fakara daga wuraren da suke. Dattawa suna ba da labarin barewa da gada kusa da gari, mu zomo da kurege muka tarar, kuma hannunmu na cikin abin da ya jawo haka, tare da gonakin da suka cinye saura.

Ba mu kaɗai muka haɗa doki da kare ba. Buzayen Azawak a Nijar da Mali suna da siririn karensu mai dogayen ƙafafu wanda ke bin raƙumi yana kamo barewa, kuma duk wanda ya dubi karnukan farautar Zamfara da Gobir zai ga kama a tsayi da ƙirar ƙirji. Larabawa suna da saluki. Turawan Ingila sun mayar da bin yanyawa da dawaki da garken karnuka wata babbar al'adar masu ƙasa, har majalisarsu ta hana ta da dokar 2004. Su doka ce ta tsayar da su.

Mu abin da ya tsayar da mu ya fi doka ɗaci. Tun da 'yan bindiga suka mamaye dazuzzukan Zamfara, daga Kuyambana har zuwa bayan Tsafe da ƙauyukan Bunguɗu, dawa ta daina zama wurin shan iska. Manomi ma da ƙyar yake kai wa gonarsa ta nesa, balle mai kilisa. Gidaje da yawa sun sayar da dawaki, wasu don tsadar harawa, wasu don haɗa kuɗin fansa. Mafarautan da suka san kowane rafi da kowace duhuwa, da yawansu sun koma tsaron gari, karnukansu sun koma masu haushin dare, su ne ke fara sanar da mutane cewa akwai baƙin babura a bayan gari. Karen da ba ya fita kuma yana lalacewa: kaska ta cika masa kunne, ya yi ta yawo a juji, ba mai kai shi allurar rigakafin hauka, alhali ana yin ta a nan ƙasar, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, kuma cizon mahaukacin kare idan ciwon ya bayyana ba ya barin mutum da rai.

Kilisa dai ba ta mutu ba. A Gusau har yanzu samari na fitowa da dawaki da yamma, musamman idan salla ta gabato, sai dai a kan kwalta ne da cikin unguwa, tsakanin babura da Keke Napep, inda ba wurin kare. A wani zuwa da na yi gida cikin hunturu na ga wani saurayi a kan bidi, da jan kare a gefensa na hagu, taku biyar, daidai inda ya kamata. Na bi su da ido har ƙarshen gidaje, inda gonaki suka fara. Nan ya ja linzami ya juya. Karen ya ƙara 'yan taku zuwa gaba, ya tsaya yana shaƙar iskar da ke fitowa daga wajen fadama, sai da yaron ya yi masa fito sau biyu sannan ya dawo.