Yawu da Damuwa da Ciwon Zuciya

Hausawa suna cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Amma fuska takan ɓoye, musamman a ƙasar da ake yabon mutum da haƙuri da dauriya. Manomin Roni ko Gwiwa da ruwa ya ɗauke masa gero yana bununi, da ɗan kasuwar Ɓaɓura da rufe iyakar Nijar a 2019 da 2023 ya karya wa jari, da akawun Kazaure mai iyali da yawa da albashi kaɗan, duk in an gaishe su sai su ce lafiya lau. Masana kimiyya kuwa sun gano wani mashaidi wanda ba ya kara, watau yawun bakin mutum.

A bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka da ke fitar da sinadarin da ake kira kotisol. Idan mutum ya firgita ko ya shiga matsi, ƙwaƙwalwa takan umarce ta ta ƙara zubo shi cikin jini, sai sukari ya ƙaru, jini ya hau, jiki ya yi shirin gudu ko faɗa. Wannan rahama ce ga wanda ya yi arba da maciji a gona. Illar tana zuwa ne in damuwar ta zauna wata da watanni, kamar yadda Hans Selye ya fara nunawa a kan ɓeraye a 1936.

Kotisol yana da ƙa'idarsa ta yini. Yakan kai ƙololuwa kamar minti 30 zuwa 45 bayan farkawa, sa'an nan ya yi ta sauka har ya kai ƙasa wajen tsakar dare. Wani kaso nasa yakan ratsa daga jini zuwa yawu, saboda haka ba sai an soki mutum da allura ba, wadda tsoronta ma kaɗai yana iya tayar da sinadarin. Mutum zai tauna ɗan ƙullin auduga, ya sa a kwalba, ya yi haka da asuba, da rana, da lokacin kwanciya. Abin da ake dubawa shi ne yadda awon yake sauka. Mai daɗaɗɗiyar damuwa sau da yawa nasa ba ya sauka sosai da dare, watau jikinsa bai sami hutu ba ke nan.

Hujja mafi shahara daga ma'aikatan gwamnati ta fito. A 1967 aka soma binciken Whitehall a kan ma'aikata kimanin 18,000 a London, aka tarar ciwon zuciya ya fi kashe ƙananan ma'aikata bisa ga manya. A 1985 Michael Marmot ya buɗe kashi na biyu da mutum 10,308, ya kuma nuna cewa aiki mai yawa ga wanda ba shi da ta cewa a kan aikinsa yana cikin dalilai. Daga baya aka auna yawun fiye da 4,000 daga cikinsu, a 2011 aka bayyana cewa waɗanda kotisol ɗinsu bai sauka sosai ba sun fi mutuwa da cututtukan zuciya da jijiyoyin jini. Dalili kuwa sananne ne: yawan kotisol yana jawo hawan jini, da ciwon sukari, da tarin kitse a ciki, su kuwa su ke lalata jijiyoyin zuciya.

Duk da haka akwai hattara. Binciken ya nuna dangantaka ne a cikin taron jama'a, bai ce awon yawun mutum guda zai faɗi ranar da zuciyarsa za ta buga ba. A ƙasar Kazaure kuma akwai abubuwan da za su rikita awo. Goro da shayi da taba suna tayar da kotisol. Asuwaki yakan fasa dasashi, jini ya gauraya da yawu. Tashin sahur a watan azumi yana sauya lokacin barci, ƙa'idar yini ta sauya. Ga kuma zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40, alhali sai an kai kwalaben ɗakin gwaji mai kayan aiki, irin na manyan asibitocin Kano.

Saboda haka awon yawu makamin masu bincike ne, kuma ɗaliban kimiyya na wannan yanki su suka fi dacewa su gwada shi bisa rayuwar mutanensu. Shi kuwa ma'aikaci ko manomi, abin da ke kusa da shi shi ne awon hawan jini, wanda ba ya cin minti biyar a ƙaramin asibiti. Wanda awonsa ya yi ta kaiwa 140 bisa 90 ya ga likita, ya rage gishiri, ya bar taba, ya sami isasshen barci, ya kuma sami wanda zai riƙa faɗa wa damuwarsa, domin jiki yana lissafin abin da baki ya yi shiru a kai.